Muhawara: Shin saurin juyawar duniya ne yake tsara iska da ruwan sama?

Bakatsine_82:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare ina zaune a ƙofar gida tare da ɗana ɗan babbar sakandare, sai ya nuna mini wani tauraro mai haske, ya ce wannan ba tauraro ba ne, duniyar Mushtari ce, wadda suke kira Jufita a makaranta, kuma wai dare da rana a can duka ba su cika awa 10 ba. Daga nan ya jefo mini tambaya: idan duniya tana juyawa da irin wannan sauri, yaya iskarta da yanayinta za su kasance? Na ba shi amsa da ka, na ce duk duniyar da ta fi saurin juyawa ita ce za ta fi iska mai ƙarfi, kamar yadda fanka take ƙara iska idan an ƙara mata lamba. Ya yi shiru saboda ladabi, amma na ga alamar bai gamsu ba. Ina roƙon masana da ke cikin wannan zaure su gaya mini ko na faɗi daidai, idan kuma na yi kuskure a gyara mini kafin yaron ya kai maganar gaban malaminsa.

Malama_Jiyografi:
Wa alaikumus salam, Malam. Misalin fanka bai dace ba, domin fanka tana juyawa ne a cikin iskar da ke tsaye, ita kuwa duniya tare da iskarta take juyawa. Abin da yake tayar da iska shi ne zafin rana, wanda yake sauka da ƙarfi a yankin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu tsakanin arewa da kudu, ya yi rauni a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Aikin juyawa shi ne karkatar da iskar bayan ta tashi.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina. Kewayen duniya a ikwaita kimanin kilomita 40,000 ne, kuma ana gama zagaye ɗaya cikin awa 24, saboda haka ƙasar da ke kan ikwaita tana tafiya gabas da saurin kimanin kilomita 1,670 a awa. A Kano, da ke digiri 12 arewa, saurin ya ɗan ragu zuwa kimanin 1,630. A Alƙahira, da ke digiri 30, kimanin 1,450 ne, a Landan kuwa bai wuce 1,040 ba. To, iskar da ta taso daga arewa ta nufo ikwaita tana zuwa ne da ɗan saurin da ta samo a can, sai ta tarar da ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fi ta gudu, don haka ƙasar take barin ta a baya. Mu da muke tsaye a ƙasa sai mu ji iskar tana fitowa daga arewa maso gabas maimakon arewa tsantsa. Iskar hunturu ke nan, wadda take kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta sauke mana ita a kan tagogi. Ana kiran wannan karkata da sunan wani Bafaranshe, Koriyolis, wanda ya yi lissafinta a 1835. A arewacin ikwaita iska tana karkata zuwa damanta, a kudu kuma zuwa hagunta.

Mai_Shakka:
Malama, da girmamawa, ban gane yadda za a ce muna gudun kilomita 1,630 a awa alhali hulata tana zaune daram a kaina ba. Ko babur mutum ya hau ya ɗan taka, iska sai ta cire masa hula.

Injiniya_Zariya:
Ɗan'uwa Mai_Shakka, a kan babur kai kaɗai kake tafiya, iskar ba ta tafiya da kai. Ka tuna motar haya da aka rufe gilasanta: ƙudan da ke ciki yana tashi daga kafaɗar wannan zuwa ta wancan ba tare da ya san cewa direba yana gudun kilomita 120 ba, domin iskar da ke cikin motar ma tafiyar take yi. Abin da jiki yake ji shi ne canjin sauri, kamar birki ko kwana. Idan kana neman shaidar ido, wani Bafaranshe mai suna Fuko ya rataya ƙarfe mai nauyi da doguwar waya a Paris a 1851, ya bar shi yana lilo, mutane suna kallo layin lilon yana sauyawa a hankali saboda ƙasar tana juyawa a ƙarƙashinsa.

Dalibin_Fiziks:
Baba Bakatsine, akwai duniya ɗaya da take rushe amsar da ka bayar gaba ɗaya, ita ce Zahra. Babu duniyar da ta kai ta nawar juyawa a cikin duniyoyi takwas da ke kewaya rana, domin sai ta yi kwanakinmu 243 kafin ta juya sau ɗaya a kan kanta, alhali zagaya rana kwana 225 yake ɗaukar ta. Ga shi kuma juyawar tata ta baya-baya ce, rana a can daga yamma take fitowa. Da maganar fanka gaskiya ce, da iskar Zahra ba ta ko motsi. Amma gajimaren da ke samanta yana zagaye duniyar baki ɗaya cikin kwana 4 kacal, da gudun kusan kilomita 360 a awa, wato iskar ta fi ƙasar da take kai gudu kusan sau 60. A can ƙasa kuwa, inda kumbunan Venera na Tarayyar Sobiyat suka sauka, iskar ba ta fi saurin tafiyar mutum ba. Kumbon Akatsuki na Japan, wanda ya fara kewaya Zahra a 2015, an aika shi ne musamman don binciken wannan al'amari, kuma abin da ya gano ya nuna cewa zafin rana yana haifar da wasu raƙuman iska a cikin gajimaren waɗanda suke ingiza shi gaba.

Ina kuma neman izinin Malama_Jiyografi in ƙara wani abu a kan bayaninta. Iskar da ta bar ikwaita ta nufi arewa ba saurinta na farko kawai take riƙewa ba, ƙaruwa yake yi, kamar yaron da ke juyi da hannuwansa a buɗe, idan ya naɗe su a ƙirji sai juyin ya ƙara sauri. A lissafin takarda, kafin ta kai digiri 30 za ta riƙa wuce ƙasa da kusan kilomita 480 a awa. A zahiri ba ta kai haka, saboda tana rasa ƙarfi a hanya, amma abin da ya rage shi ne kogin iskan nan da ke can sama, wanda yake sa jirgin da ya nufi gabas ya fi wanda ya nufi yamma saurin isa.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah! Ashe Zara matar wata da muke gani da magariba haka rayuwa take a cikinta. Na lissafa a raina cewa mai azumi a can zai sha jira kafin ya sha ruwa. Tambayata ita ce, idan duniya tana juyawa a hankali haka, ba ɓangaren da ke fuskantar rana zai ƙone ba, ɗayan kuma ya daskare? Ko mai tsire ya san idan bai juya nama a kan tukuba ba, gefe ɗaya zai babbake, ɗaya kuma yana ɗanye.

Dalibin_Fiziks:
Hajiya, misalinki ya zauna daidai a kan duniyar da ba ta da iska. Uɗarid, wadda ta fi kowace kusa da rana, daga fitowar rana zuwa wata fitowar kwanakinmu 176 ne, kuma da rana zafinta yana kai digiri 430 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma sanyi ya sauka zuwa 180 ƙasa da sifili. Wata ma haka yake, mako biyu rana, mako biyu dare. Amma Zahra ta saɓa, duk da cewa yininta ya kusa kwana 58, darenta ma haka. Iskarta mai kauri ce ƙwarai, nauyinta a ƙasa ya ninka na tamu kimanin sau 90, kuma kusan duka iskar kabon ce mai riƙe zafi, saboda haka dare da rana, ikwaita da ƙurya, zafin yana nan wajen digiri 465. Wannan ya fi kama da naman da aka rufe a tukunya fiye da wanda ke kan tukuba.

Malama_Jiyografi:
Na karɓi ƙarin Dalibin_Fiziks, kuma kuskuren da ya gyara shi ne ainihin wanda Baturen Ingila Hadili ya yi a 1735 lokacin da ya fara bayyana waɗannan iskoki. Amma kada mu bar Malam Bakatsine da cewa juyawa ba ta da wani tasiri. A ganina babban aikinta shi ne ƙayyade nisan da iska mai zafi za ta iya tafiya kafin a karkatar da ita.

A duniyarmu iska tana tashi sama a yankin ikwaita, ta zubar da ruwanta a can, ta nufi arewa a busasshiyarta. Kafin ta wuce digiri 30 karkatar ta riga ta mayar da tafiyarta ta gabas, sai ta sauko ƙasa, kuma iskar da ke saukowa ba ta haɗa hadari. Ku duba taswira: Sahara, hamadar Larabawa, Kalahari, Atakama da tsakiyar Ostireliya duk suna kusa da wannan layi, arewa da kudu. Saboda haka kowane rabi na duniyarmu ya kasu zuwa zagayen iska uku. A Zahra mai nawa, zagaye ɗaya ne yake miƙewa daga ikwaita har wajen digiri 60. A Mushtari kuwa, wadda faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11 amma take juyawa cikin awa 9 da minti 55, iska ba ta samun damar yin nisa arewa ko kudu, sai ta jeru a cikin ɗamarori masu yawa, wannan tana gudu gabas, ta kusa da ita tana gudu yamma. Su ne zanen da ake gani a hotonta kamar saƙar zane mai ratsi-ratsi. Kumbon Juno, da ya isa can a 2016, ya auna cewa waɗannan iskoki sun nutsa har zurfin kimanin kilomita 3,000. Jan tabon nan da ke kudancinta kuma guguwa ce da ta fi duniyarmu faɗi, an fi shekara 150 ana kallonta ba ta mutu ba, domin tana maƙale tsakanin ɗamara biyu, kuma babu ƙasa ko dutse da zai rage mata ƙarfi.

Dan_Agadas:
Malama, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan maganar Sahara. Ni a nan na tashi, kuma na je Dabus da ƙafata na ga hotunan raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburbura tare da ƙasusuwan kifi da na kada a wurin da yau babu ko ɗigon ruwa. Masana sun ce tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce wannan yanki ciyawa ne da tafkuna, kuma Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. A wancan lokaci ai awa 24 ɗin nan ce duniya take juyawa. Idan juyawa ce ta dasa hamada a nan, me ya sa ta yi kore alhali juyawar ba ta sauya ba? Abin da na karanta shi ne, sauyin da ake samu a karkacewar duniya da yadda take kewaya rana ne ya ƙara zafin bazara a arewa, damina ta riƙa kutsawa har cikin hamada.

Malama_Jiyografi:
Gaskiyarka, Malam Dan_Agadas, kuma ban ce juyawa ita kaɗai ba ce. Zuwan damina da rani ma ba daga juyawa yake ba, daga karkacewar duniya ne da kimanin digiri 23 da rabi. Juyawa ta shata filin, amma inda shuka za ta tsaya a cikinsa ya danganta da rana da teku da tsirrai.

Manomin_Gumel:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma shekarata ta arba'in ke nan ina noma, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Idan damina ta gabato, iskar da take kaɗawa mai ɗanshi daga kudu maso yamma take zuwa, kowa ya san wannan. Amma hadarin da yake kawo ruwa na gaske daga gabas yake tasowa, har idan muka ga gabas ta yi baƙi muke kwashe shanya. Yaya ruwa zai zo ta wata hanya, hadari kuma ya zo ta wata? Sannan guguwar da take tashi a gona da rani tana murɗa ƙura da kara, ita ma juyawar duniya ce take murɗa ta?

TsohonMaiHasashe:
Alhaji, na yi aikin hasashen yanayi har na yi ritaya, kuma tambayarka ta fi wasu da na sha ji a ɗakin taro. Iskar daminar da kake ji asalinta daga kudancin Tekun Atilantika take, kuma a can daga kudu maso gabas take fitowa. Da zarar ta tsallake ikwaita sai karkatar ta sauya hannu, ta koma dama, shi ya sa take shigo mana ta gaɓar Gini daga kudu maso yamma. Sai dai wannan iska ta ƙasa ce, kaurinta bai wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba a yankinku. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wani kogin iska da ke gudu daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Abin da ya haife shi shi ne bambancin da ke tsakanin tsananin zafin Sahara da sanyi-sanyin bakin teku, juyawar duniya kuma ta karkatar da shi ya kwanta gabas zuwa yamma. Hadari dogo ne, kansa yana can sama, don haka wannan iska ta sama ce take tura shi. Iskar ƙasa tana kawo ɗanshi, ta sama tana jan ragamar hadari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jerin hadarin da ke wuce mu ba a Senegal yake ƙarewa ba. Wasu suna faɗawa teku, su sami ruwa mai ɗumi, juyawar duniya ta murɗa su, su zama mahaukaciyar guguwar da take afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka. Mafi yawan manyan guguwowin Atilantika daga nan Afirka suke samo asali. Kuma kusan ba a taɓa ganin irinsu sun haɗu a tsakanin digiri 5 da ikwaita ba, saboda a kan ikwaita karkatar babu ita sam. Da aka ga guguwar Vamei ta haɗu kusa da Singafo a Disamban 2001, ƙasa da digiri 2 daga ikwaita, masana sun daɗe suna maganarta saboda baƙon abu ne.

Guguwar gona kuwa babu ruwan juyawar duniya da ita. Ƙarama ce kuma minti kaɗan take yi, zafin ƙasa ne yake tayar da ita. Ka sa ido da rani mai zuwa, za ka ga wata tana murɗawa dama, wata hagu.

Yar_Kumasi:
To Baba, yaya batun hotunan bidiyon da ake ɗauka a kan layin ikwaita a Kenya da Yuganda, inda ake zuba ruwa a mazurari, a arewacin layin ya juya wani gefe, a taka ƙafa kaɗan zuwa kudu ya juya ɗaya gefen? Na gani da idona a waya.

Injiniya_Zariya:
'Yar'uwa, wannan dabarar neman kuɗin masu yawon buɗe ido ce. Yadda mai nunin ya zuba ruwan, ko yadda ya juya da kwanon a hannunsa, shi ne yake ba ruwan hannun da zai bi. Kamar yadda TsohonMaiHasashe ya faɗa, kan ikwaita ne ma wurin da karkatar ta fi rauni a duk duniya, kuma tana bukatar tafiya mai nisa da lokaci mai tsawo kafin ta bayyana.

Dalibin_Fiziks:
Akwai wani gefe na tambayar da ba mu taɓa ba, wato iska ma tana taɓa juyawar. Idan iskokin da ke gudu gabas suka yi ƙarfi a lokacin sanyin arewa, tsawon kwana yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma ana auna wannan da agogon atom. Ban da haka, jan da wata yake yi wa teku yana rage saurin duniya da kimanin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa a kowace shekara ɗari. A 1963 wani masani Ba'amurke, John Wells, ya ƙirga layukan girma a jikin tsofaffin murjani na kusan shekara miliyan 380, wato wata halittar teku da ke ƙara layi ɗaya a jikinta kowace rana, ya samu kusan kwana 400 a shekara, wato kwana a lokacin wajen awa 22 ne. Masu gwaji da kwamfuta kuma sun nuna cewa idan aka rage saurin juyawar duniya, zagayen iska na ikwaita yana faɗaɗa, yankin bushewa ya matsa nesa, bambancin zafi tsakanin ikwaita da ƙurya ya ragu. Idan aka ƙara saurin sai akasin haka ya faru.

Mai_Shakka:
Na yarda da maganar mota da ƙuda, amma wannan ta kwamfuta ban saki jiki da ita ba, domin abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka. Duniyoyin da kuke kwatantawa ma ba a juyawa kaɗai suka bambanta ba. Mushtari ba ta da ƙasa, Zahra iskarta ta yi kauri, kowace da nisanta daga rana. Ku ɗauki duniyar Mirrihi, wato Mars: kwananta awa 24 da minti 37 ne, kusan irin namu, karkacewarta ma digiri 25 ce, amma ina damina a can? Sai ƙura da take lulluɓe duniyar baki ɗaya, kamar ta 2018 da ta kashe na'urar bincike mai suna Opportunity da aka saukar a can. Idan juyawa iri ɗaya ta ba da yanayi daban har haka, nawa ne rabon juyawar a cikin lissafin?

TsohonMaiHasashe:
Shakkarka tana da tushe, ɗana, sai dai Mirrihi ba ta goyi bayanka gaba ɗaya ba. Ba ta da teku, iskarta kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, shi ya sa babu ruwan sama. Amma tsarin tafiyar iskar ya yi kama da namu: akwai zagayen ikwaita, akwai kogin iska mai gudu gabas a lokacin sanyi, akwai raƙuman iska masu bin juna a yankunan tsakiya. Game da kwamfuta kuwa, da irin wannan lissafin ne ake hasashen ruwan gobe, kuma idan ka cire juyawar duniya daga cikinsa, hasashen ba zai kai yamma ba zai rushe.

Bakatsine_82:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yaron duk abin da kuka rubuta, na kuma janye maganar fanka a gabansa, abin da ya yi masa daɗi fiye da kima. Sai dai bai ƙyale ni ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini cewa duniyar Naftun tana juyawa cikin awa 16, wato ba ta kai Mushtari sauri ba, kuma ta fi kowace nisa daga rana, amma kumbon Voyager 2 da ya wuce ta a 1989 ya auna iska mai gudun kusan kilomita 2,000 a awa, wadda ta fi ta Mushtari nesa ba kusa ba. Ya ce idan rana ce take tayar da iska kamar yadda Malama ta faɗa, juyawa kuma tana karkatar da ita kawai, to wa ya tayar da wannan?

Dalibin_Fiziks:
Baba, ka gaya masa Naftun tana fitar da zafi daga cikinta fiye da ninki biyu na wanda take samu daga rana, kuma babu ƙasa mai tauri da za ta taka wa iskar birki. Sai dai kada ya ɗauka an gama, domin Yuranus ma iskarta tana kai ɗaruruwan kilomita a awa alhali zafin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Malama, ko kina da abin cewa a kan wannan? Ni a nan karatuna ya tsaya.